Kwalbar shaida ta tona mini asiri

Talata, da dare.

Sau uku na wanke hannuna da sabulu, har yanzu warin laka bai fita ba. Bari in rubuta abin da ya faru yau tun da zafinsa, don na san halina. In na bari sai gobe, zan fara yi wa labarin kwaskwarima yadda laifin zai ragu a kaina.

Yau muka yi fitar gwaji, ba ainihin aikin ba tukuna. Sati shida ke nan ina fama da kundin tabbatar da inganci na binciken da za mu yi kan naitirojin, sinadarin da ke cikin taki da ruwan masai, a mahaɗar kogi da teku. Malamar da ke kula da ingancin aiki a ɗakin gwajinmu ta ce ba za ta sa hannu ba sai mun fita sau ɗaya mun bi abin da na rubuta layi-layi, ba ƙari ba ragi. A raina na ce asarar man jirgi ce kawai. Na bi tsarin da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar a 2001, wanda ya kasa irin wannan kundi gida huɗu, daga waye ke da alhakin me har zuwa yadda za a tantance sakamako a ƙarshe. Duk gurbin da suka ce a cike na cike. Me kuma ya rage?

Tun da duhun asuba muka isa bakin ruwa, ni da sabuwar ɗalibar da aka haɗa mu aiki, da dattijon da ke tuƙa mana jirgi. Sammakon yana da dalili. Idan naitirojin ya yi yawa a ruwa, gansakuka ce ke fara cin gajiyarsa, ta yi ta yaɗuwa. Da rana tana fitar da oksijin, da dare kuma ita da sauran halittu su kwana suna zuƙe shi, don haka gab da fitowar rana ne yake kaiwa ƙarshen ƙarancinsa. Wanda ya zo da ƙarfe 2 na rana sai ya tarar da ruwa lafiya lau, alhali kifi ya kwana yana haki. Da zarar oksijin ya yi ƙasa da miligiram 2 a lita, mai iya gudu ya gudu, wanda ke manne a laka kuwa a nan ajalinsa ke samunsa.

Dattijon nan ya taɓa gyara mini kundin ba tare da ya karanta shi ba. A rubutuna na farko cewa na yi za mu riƙa ɗibar ruwa duk Talata da ƙarfe 9 na safe, don ina ganin tsari ke nan. Da na gaya masa, sai da ya yi dariya har ya dafa injin, ya ce, "Yaro, ruwa bai san Talata ba." Gaskiyarsa. Cikowar teku tana jinkirta da kamar minti 50 kowace rana. A sati ɗaya jinkirin ya kusa awa shida, wato Talatar nan ka tarar da teku ya cika ya turo ruwan gishiri ciki, Talata mai zuwa a daidai lokacin ka tarar ya janye, ruwan kogi ne zalla ke gangarowa da duk abin da ya kwaso daga gonaki da magudanai. Da na ga lambobi suna hawa da sauka sati-sati, na zauna ina ƙirƙiro musu dalili. Yanzu kundin ya ce sai ranar da janyewar ruwa ta dace da asuba, kuma hakan kusan duk sati biyu yake zagayowa.

Aikin cikin jirgi ya tafi kamar an zana. Safar hannu tukuna. A tsaya ta gefen da hayaƙin inji ba ya bugowa. A ɗauraye sirinji sau uku da ruwan wurin, a maƙala matata mai ƙofa 0.45 na maikiron, wato ƙofofin da ido ba ya gani, a zubar da ɗigon farko, sannan a tura sauran cikin kwalba a hankali, kada a matsa da ƙarfi takardar ta fashe. A rufe, a rubuta lamba da lokaci, a cusa cikin kular ƙanƙara. A kowace tasha sau biyu muke ɗiba, sama da ƙasa, saboda ruwan gishiri ya fi nauyi, yana kwanciya ƙarƙashin na kogi, sai ka ga a wuri ɗaya ruwa iri biyu ne a jere. A tasha ta biyu Baba ya ciro taba, na ce, "Baba, don Allah a yi mana haƙuri sai mun rufe kwalabe." Hayaƙin taba kaɗai yana iya ɗaga amoniya, wani nau'in naitirojin, a samfur. Ya mayar da ita bayan kunne bai ce uffan ba.

A tasha ta uku muka cika tagwaye, kwalba biyu daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, don a ga ko hannunmu da na'urarmu za su faɗi magana guda sau biyu. Daga nan sai kwalbar shaida. Tataccen ruwa ne da muka taho da shi daga ɗakin gwaji, babu komai a cikinsa, muka bi da shi ta sirinji iri ɗaya da matata iri ɗaya zuwa kwalba iri ɗaya. Baba ya zuba mana ido, can ya ce, "Wato kun ɗauko ruwa daga gida, kun kawo shi teku, za ku kuma mayar da shi gida?" Na ce haka ne, Baba. Ya girgiza kai ya tada inji.

Kafin ƙarfe 11 mun dawo. Ɗalibar ta cike takardar miƙa samfur, ni na sa hannu, mai karɓa ya sa, aka duba zafin cikin kula bai haura digiri 6 ba. Naitiret, nau'in naitirojin da muke aunawa, ba ya son jira. Ƙwayoyin halittar da ke cikin kwalba ba su san an kama su ba, ci gaba suke da cin abincinsu, shi ya sa ƙa'idar EPA ta ba da awa 48 kacal ga samfurin da sanyi kawai aka yi masa. Mu dai a yau muka so mu gama.

Ina son kallon wannan gwajin, ko sau nawa na gani. Ruwan yana bi ta wani siririn bututu mai ɗauke da ƙarfen kadmiyom, naitiret ya koma ɗan'uwansa naitirait, a haɗa shi da sinadarai biyu, sai ya rine ya zama ruwan hoda. Gwargwadon yawan naitiret, gwargwadon duhun launin. Tasha ta ɗaya, ta bakin teku, hoda mai haske. Ta biyu ta ɗan fi. Ta huɗu, wadda ke ƙasa da wata babbar magudanar ruwa, ta fito jajir. Zuciyata ta yi fari ƙal, domin tun farko ita nake zargi, kuma a kanta na gina rabin hujjar binciken.

Sai aka zo kan kwalbar shaida. Ya kamata ta fito kamar yadda ta shiga, garau. Ta fito hoda. Ba ɗan alama ba, hodar da ko daga bakin ƙofa za ka gani.

Na fara da zargin na'ura, kamar kowa. Muka zuba tataccen ruwa kai tsaye daga jarkarsa, ya fito tas. Muka bi da shi ta sabuwar matata zuwa kofin gwaji, tas. Saura kwalba. Na juya na tambayi ɗalibar yadda ta wanke su jiya. Ta ce ta jiƙa su cikin asid, ta ɗauraye da tataccen ruwa, kamar yadda kundi ya ce. Na ce wane asid? Ta nuna mini bahon da ke ƙarƙashin teburin kusurwa.

Bahon masu gwajin ƙarafa ne. Asid naitirik ne a ciki, wanda shi kansa cike yake da naitiret. Su da shi suke wanke kayansu, kuma daidai suka yi. Mu kuwa da ke farautar naitiret, jiƙa kwalba cikin asid naitirik tamkar ka wanke tulu da ruwan gishiri ne sannan ka ce za ka ɗanɗana ko rijiya tana da gishiri. Namu asid ɗin haidirokulorik ne, kashi 10 cikin ɗari.

Har na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai ta miƙo mini kundin a buɗe. Ba da rashin kunya ba, hannunta ma rawa yake. Ga jimlar da na rubuta da kaina: "A wanke kwalabe da asid, a ɗauraye sau uku." Shi ke nan. Ni na san asid ɗin da nake nufi, shekaru nake amfani da shi, shi ya sa ban ga akwai rami a jimlar ba duk karatun da na yi mata. Yarinyar ba ta karya ko kalma ɗaya ba. Na ce mata, "Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, wannan nawa ne."

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba na son rubutawa. Na ɗauki takardar sakamako na shiga ofishin Malama da shawara a bakina: tunda mun san abin da kwalbar shaida ta nuna, mu cire shi daga kowane samfur, sauran ai na ruwa ne. Musamman tasha ta huɗu, wadda ta yi nisa da sauran har ba na jin saura-sauran asid zai iya kai ta can.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in karanto mata tagwaye. Na karanta. Sun saɓa wa juna fiye da iyakar da ni kaina na gindaya. Ta ce, "To ka gani. Kowace kwalba da nata rabon ta kwaso, ya danganta da yadda ɗaurayar ta kama. Wace lamba za ka cire daga wace?" Na yi shiru. Ta ƙara da cewa, "Malam, tsakani da Allah, da tasha ta huɗu ce ta fito fara, za ka shigo nan kana nema mata ceto?"

Ban amsa ba, don ba zan shigo ba. Da sai in ce kwalabe sun gurɓace, a watsar da komai, in ji ni mutum ne mai tsantseni. Ta buɗe shafin da na rubuta sati uku da suka wuce, lokacin da babu lamba ko ɗaya a hannuna da zan so ko in ƙi: idan kwalbar shaida ta haura iyaka, duk samfuran ranar a yi musu alama, kada su shiga lissafi. Mutumin da ya rubuta wannan ya fi wanda ya shiga ofis ɗazu adalci, kuma ba don ya fi shi ilimi ba.

Na jima ina ganin wannan tsantseni kamar ya wuce gona da iri, amma in ka duba abin da ake son ganowa sai ka fahimta. Yankin da oksijin ke ƙarewa a Tekun Meksiko, inda kogin Misisipi na Amurka ke juye abin da ya kwaso, tun 1985 ake auna faɗinsa, kuma a 2017 ya kai murabba'in kilomita 22,720. A Chesapeake, wata babbar mahaɗar kogi da teku a gabashin Amurka, tun 1984 ake sa ido kan ruwan, a ƙarshen 2010 aka ƙayyade wa jihohin da ke kewaye yawan naitirojin da za su riƙa saki. Manomi ya sauya yadda yake zuba taki, gari ya kashe dukiya kan tace ruwan masai, sannan a zo a tambayi masu kwalabe ko abin ya ragu. Ragin da ake nema ɗan kaɗan ne a shekara, a cikin ruwan da damina ɗaya mai ƙarfi ke iya hautsina shi. Bahon asid ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya haɗiye wannan ragin, ko ya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba laifi.

Tunda an buɗe kundin, Malama ba ta bar ni na tashi haka ba. Ta nuna mini teburin da na rubuta "miligiram a lita" ban ce na naitiret ba ne ko na naitirojin da ke cikinsa. Tsakaninsu ninki 4.43 ne. Shi ya sa iyakar ruwan sha ta Hukumar Lafiya ta Duniya, 50 na naitiret, da ta Amurka, 10 na naitirojin, kusan magana ɗaya suke yi duk da nisan lambobin. Ta kuma tambaye ni abin da za a rubuta idan samfur ya yi ƙasa da abin da na'ura ke iya gani. Na ce sifiri. Ta kalle ni ta saman tabarau. Na gyara da kaina.

Da yamma ni da ɗalibar muka fitar da kwalaben jiya gaba ɗaya daga kayan aikinmu, muka buɗe sabon kwali. Na haɗa asid ɗinmu a sabon baho, ta rubuta masa suna da manyan baƙaƙe a murfi da gefe. Jimlar nan mai kalmomi tara yanzu ta zama rabin shafi: wane asid, ƙarfinsa, wane baho, tsawon jiƙo, ɗauraya nawa, da kwalba ɗaya daga kowane wanki da za a gwada kafin sauran su bar ɗaki. Na ba ta sauran shafukan na ce ta tafi da su, duk inda ta ga za ta iya fahimtar abu ta hanya biyu ta ja layi. Kafin in isa gida har ta turo mini guda huɗu a waya. Ɗaya daga ciki "a ɗebi ruwan sama" ne, inda nake nufin ruwan da ke sama a tasha. Tana tambaya, sama ɗin zurfin nawa?

Na kira Baba ɗazu in gaya masa za a sake fita. Ina cikin buɗe jadawalin cikowar teku in nemo ranar, ya riga ni: "Sati biyu, Laraba. Ka zo da ruwanka na gida."