Mota ta tsaya, bashi bai tsaya ba

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a shago, can wajen Ƙofar Ƙaura, bayan la'asar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini waya. "Kawu, dubi wannan." Bidiyo ne na motar nan da ake gina wa ɗaki a ciki, da gado, da wurin girki, da banɗaki, da firji. Wani saurayi yana buɗe durowa yana rufewa, kiɗa na tashi. Yaron ya ce ya gama magana da dila a Abuja, banki zai biya kaso mafi tsoka, shi zai kawo kafin alƙalami. Zaɓen 2027 na tafe, 'yan siyasa za su yi haya, in an gama ga 'yan fim, ga masu biki. Abin da ya rage masa kawai wanda zai tsaya masa a banki, shi ya kawo shi wurina.

Na ce ya zauna. Ya ce sauri yake yi. Kullum sauri suke yi, ban san ina za su ba.

Yana sakandare lokacin da na yi tawa, wataƙila bai san labarin ba, ko kuwa ya sani ya ɗauka ni ne ban iya ba. A 2018 na sayi irin wannan mota sabuwa fil da bashin banki, da wannan lissafi nasa sak, sai dai nawa zaɓen 2019 ne. Kuma har gobe ba na yarda a ce lissafin na wawa ne. Jihar Katsina ƙananan hukumomi 34 gare ta. Ɗan takarar da zai kwana yana zagaye daga Funtua zuwa Daura yana bukatar inda zai yi alwala, ya sauya riga, ya ci abincin da ya yarda da wanda ya dafa. Dala tana wajen naira 360. Na riƙe motocin haya shekara da shekaru, na san inji, na san direbobi. Duk wanda na gaya wa sai ya ce Allah ya sa albarka, ba wanda ya ce kul. Su ne kuma daga baya suka ce dama sun hango.

Abin da ban sani ba, wannan ba mota ɗaya ba ce. Inji da giya da ƙarfen ƙasa na kamfanin mota ne, a Turai galibi a kan Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ake ɗora su. Wani kamfani daban shi ke gina ɗakin. Firji, janareta, na'urar sanyaya ɗaki, famfon ruwa, kowanne da mai shi, kowanne da takardar garantinsa. Dila a tsakiya yake, shi ya karɓi kuɗi, amma ranar da abu ya lalace sai ya koma ɗan aike.

A hoto na ga motar, a hoto na yi ciniki, cinikin biri a sama. Banki ya tura kuɗin kai tsaye ga dila tun tana kan ruwa. Ranar da aka kawo ta magariba ta gabato, unguwa ta cika, yara na leƙe ta taga, abokai na ta barka. Wanda ya tuƙo ta ya miƙo takarda ya ce in sa hannu zai kama hanya. Na sa. Sai bayan watanni lauya ya karanta mini abin da ke ciki: na duba, na karɓa, komai lafiya. Ban hau rufinta ba, ban kunna janareta ba, ban zuba ko bokitin ruwa a kanta ba. Amma ku gaya mini, wa ke hawa rufin sabuwar mota a gaban surukansa?

Hayar farko, a hanyar Daura, daidai Mashi, wata fitila ta kama a gaban direba, inji ya ƙi ja, tana tafiya amma ko Keke Napep sai ya wuce ta. Ɗan takarar ya sauka ya shiga motar wani, bai sake ɗaga wayata ba. Dila ya ce man dizal ɗinmu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don injinan dizal na Turai na zamanin nan suna da matata a bututun hayaƙi wadda ba ta jure man da sulfa ya yi wa yawa, tana toshewa, kwamfutar motar ta rage wa inji ƙarfi. To amma ya san ƙasar da yake sayar da motar, ya san man da ke gidajen manmu, bai faɗa ba sai da kuɗi ya shiga. Aka ja ta zuwa Abuja. An ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, na ce Allah ya ƙara mini mako guda. Aka yi shi, aka yi na gwamnoni a watan Maris, motata tana gareji tana jiran kayan gyara daga waje. Banki kuwa ko wata ɗaya bai tsallake ba.

Ta dawo ta sha zafin Afrilu a ƙofar gida. Rufin irin waɗannan motoci danƙo ne ke riƙe da gaɓoɓinsa, ranar Katsina ta busar da shi ya tsage. Ruwan farko na damina ya shiga bango. Bangon katako ne siriri da aka manne, ya kumbura, ya fara wari, wayoyin wuta suka jiƙe. Dila ya ce wannan na masu gina ɗaki ne, ya ba ni adireshin imel. Suka amsa cikin ladabi cewa garantinsu yana aiki in an kai motar wurin wakilinsu, kuma ba su da wakili a Najeriya.

Duk wannan tsawon lokaci a waya nake magana da dila. Abokin abokina ne, mun ci tuwo tare, na ga rubuta masa wasiƙa kamar na ce masa maƙaryaci ne. Yana ce mini "Alhaji, ka ƙara haƙuri, sati mai zuwa," ina cewa ba komai. Ranar da aka zo zaman shaida ba ni da ko layi ɗaya da ke nuna yaushe na fara kuka. Daga nan haƙuri ya ƙare, na kira bakaniken da ke yi mini aiki tun ina da mota ɗaya, ya kwance abin da ya kwance, ya yanke wayar da ya ga dama. Dila ya samu abin da yake jira: an taɓa mota a waje, garanti ya faɗi.

Babbar wautar tana gaba. Na je banki na ce ba zan ƙara biyan ko kwabo ba sai an gyara mini mota. Manajan ya bar ni na gama faɗa, sannan ya ce, "Alhaji, mu kuɗi muka ba ka, ba mota ba." Na ji kamar in mare shi, alhali gaskiya ya faɗa. Yarjejeniya biyu na sa wa hannu, ɗaya da dila, ɗaya da banki, kuma ta biyun ba ta san akwai giya ko rufi a duniya ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kuɗin ruwan da dama ya haura kashi 20 cikin ɗari aka ɗora masa tarar jinkiri, tarar ma ta riƙa haihuwa. Wasiƙa ta je wa wanda ya tsaya mini, mutumin da muka taso tare, yana da 'ya'ya mata a gabansa da zai aurar. Ya zo gidana da takardar a hannu, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Me na yi maka?" Kullen korona na 2020 ya zo ya rufe sauran ƙofofin. Na miƙa makulli ina zaton shi ke nan. Aka yi gwanjonta a wulaƙance, don ba mai son mota mai ruɓaɓɓen bango, aka cire abin da aka samu, aka turo mini ragowar. Fili na sayar na biya.

Wani lokaci in na zauna sai in ce ai ba laifina ba ne, mota ce aka sayar mini da aibi. Ko a shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, malamai na kawo hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a yaudari mai saye, aka ba shi zaɓin kwana uku. Amma malamin da ya karanta mini wannan shi ne ya tambaye ni wa ya aike ni cin bashi da ruwa. Ban ba shi amsa ba.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa shawarwari masu yawa, da na duba sai na ga ba su kai haka ba.

Kada ku ci bashi a kan abin da ba a gyara shi a garinku. Shi ke nan. In ba za ka iya hawa babur ka je inda ake gyara irinta ba, ka ga wata a kan rami, ka tambayi mai ita tun yaushe take nan, ka bar kuɗinka a aljihu. Yau dala ta ninka abin da na sani wajen sau huɗu, an cire tallafin fetur tun Mayun 2023, Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ba mutum. Ni da na yi a lokacin sauƙi ga yadda na ƙare. Na san ba za ku ji ba. Bidiyon minti ɗaya ya fi muku maganar wanda ya sayar da fili. Yarana ma cewa suke a Amurka kowa na da irinta. E, akwai su da yawa, ana ba da bashinsu har na shekara 15 ko 20, kuma jihohinsu suna da dokar da ke tilasta wa kamfani ya karɓi sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa. Amma a jihohi da dama dokar a inji da ƙarfen ƙasa ta tsaya, ba ta shiga ɗakin ba. In can ana kuka, ina ga mai ajiye ta a Katsina?

In kun ƙi ji kun saya, kada ku sa hannu sai da rana tsaka, ba taron jama'a. A hau rufi, a sakar mata ruwa da tiyo, a shiga ciki a shafa kowace kusurwa, a kunna komai lokaci guda, a hau titi da ita har inji ya yi zafi. Abin da aka gani a rubuta shi a jikin takardar karɓa kafin sa hannu. Duk kukan da ya biyo baya a rubuce, da kwanan wata, da hoto, ko da dilan ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ku da ba ku ajiye waya ko a masallaci, ku yi amfani da ita sau ɗaya a inda ya dace. Yanzu kuna da abin da ban samu ba: dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ta ba mai saye wata uku daga ranar karɓa ya mayar da kayan da ba su cika inganci ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wata uku a bakin mai cewa "sati mai zuwa" ba komai ba ne, don haka ranar da fitila ta kama, ranar za a rubuta wasiƙa.

Kada a bar bakaniken gari ya taɓa ta muddin garanti na nan. Ko da yake, tsakani da Allah, duk zaman da ta yi a Abuja ba ta taɓa tafiya lafiya ba sai bayan da bakanikena ya sa mata hannu, kuma ɗan abin da na samu a kanta bayan nan na same shi. Ku zaɓi wanda za ku ɗauka.

Kada ku daina biyan banki don kuna fushi da dila. Ku biya, ku rubuta musu cewa mota na da aibi kuna bin haƙƙinku, ku nemi a sake tsara bashin tun ba ku fara tsallake wata ba, don mai neman sassauci kafin ya gaza da mai nema bayan ya gaza ba fuska ɗaya ake yi musu ba. Tun Agustan 2020 akwai tsarin Babban Banki da ya ba bankuna damar kwashe bashinsu daga duk wani asusu da ke haɗe da lambar BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Ni sai da suka bi ni da wasiƙu, ku da asuba za ku ga saƙo. Na faɗi wannan ina sane da cewa watan da na daina biya, da na biya da ba a ɗora tukunya a gidana ba. Mai cewa a ci gaba da biya yawanci cikinsa a ƙoshe yake. Duk da haka ku biya, ko da rabi ne, ku karɓi rasit.

A karanta takarda a san wace iri ce, bashin banki ne, ko murabaha irin ta bankunan Musulunci inda banki ke saye ya sayar maka, ko saye da biya kashi-kashi wanda dokar 1965 ta ce in ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota sai da kotu za a raba ka da ita. Kowacce da haƙƙinta, kuma kuɗin lauyan da zai karanta maka kafin ka sa hannu bai kai na taya ɗaya ba. Wanda kuma tasa ta riga ta ƙare kamar tawa, kada ya miƙa makulli sai an rubuta masa nawa za a sayar, nawa zai rage a kansa, wa zai biya kuɗin ja da na gwanjo. In ya gama biya ya karɓi takardar shaidar kammalawa, ya kai kwafi ga wanda ya tsaya masa, sannan ya bincika ko an gyara sunansa a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi, don banki ba ya gaggawar wannan aikin sai an bi shi.