Akun da Na Kashe da Gyaɗa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida sai ga ɗan ƙanina ya fito da keji a hannu. Ya rataye shi a reshen darbejiya, ya zaro waya. A cikin kejin aku ne, irin mai ruwan toka da jar wutsiya, ɗan ƙarami, idonsa ma har yanzu baƙi ne, bai koma rawaya irin na manya ba. Yaron ya kwance ƙullin gyaɗa mai gishiri ya juye ta kaf a kwanon tsuntsun, sannan ya tsoma burodi a kofin shayinsa ya miƙa masa ta tsakanin wayoyin kejin, yana ɗaukar bidiyo yana dariya. Ya juyo ya ce, "Baffa, ka ga yadda yake son gyaɗa kuwa?"

Na buɗe baki in yi magana, sai maƙogwarona ya cushe. Na gani mana. Shekara bakwai na yi ina kallon wannan abin a gidana, ina murna kamar yadda yake murna.

A shekarar 1994 na sayi nawa. Lokacin ina tuƙa babbar mota, ina kai albasa da wake kudu, in dawo da gangunan manja. A bakin hanya kusa da Ikom, can jihar Kuros Riba wajen iyakar Kamaru, wani mutum ya tare mu da tsuntsaye uku a kwando. Na zaɓi ɗaya, na sa masa suna Jatau saboda wutsiyar. Da na tambayi mutumin abin da zan riƙa ba shi, sai ya ce gyaɗa da rake, in kuma ina so bakinsa ya buɗe da wuri in ƙara masa barkono. Iyakar karatun da aka yi mini ke nan a kan halittar da na ɗauko daga dajinta na kawo ta Kano.

Kuma ni Bakano ne. Mu da muka tashi muna jin labarin dalar gyaɗa a bakin iyayenmu, wa zai ce mana gyaɗa cuta ce? Abin da muka sani da ita ƙarfi da arziki. Don haka kullum kwanon Jatau cike yake, soyayya, dafaffiya, ƙuli-ƙuli, duk wadda ta samu. In na dawo daga tafiya na zauna karyawa, yana kan kafaɗata, in ba shi shayi mai madara da sukari a murfin kwalba. In na fasa goro in gutsura masa. Da dare mai ɗakina ta ɗiba masa lomar tuwo da miya, miyar da ta sha gishiri da ɗunƙule da albasa. Mu a wajenmu so ne. Ɗan gida muka ɗauke shi, abin da muka ci shi zai ci. Har yau in na tuna, wani sashe na zuciyata yana cewa ai ba mugunta na yi ba, ai akwai masu barin tsuntsu da yunwa, ni ban taɓa ba. Gaskiya ne ban taɓa ba. Amma Jatau ya mutu yana da shekara bakwai ko takwas, alhali irinsa in ya sami kulawa yana kai shekara 40, wani ma ya haura 50. Da yanzu yana nan yana kwaikwayon muryar jikokina.

Ya iya magana ƙwarai. Yana yin sallama da muryata har maƙwabta su amsa. Yana kwaikwayon odar motata, yana kiran yara da muryar uwarsu, su fito da gudu su tarar ba kowa. Saboda tsoron ɓarayi da kuma bakin mutane, sai na mai da kejinsa cikin falo, gefen taga mai gilashi da labule. Can ya yi shekarunsa. Hantsi bai taɓa gashinsa ba sai ranar da aka fitar da kejin don wanki.

Alamomin sun zo a hankali, kuma kowacce na samo mata dalili. Da ya fara atishawa hancinsa yana toshewa, na ce ƙurar hunturu ce. Da gashinsa ya dusashe ya daina sheƙi, ya fara tsige na ƙirjinsa, na ce lokacin sauya gashi ne. Bakinsa ya yi tsawo fiye da ƙima yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, na ce girma ne. In na ɗauke shi na ji ya yi nauyi, sai in yi alfahari, in ce wa baƙi ku ji yadda ya ƙoshi. Wata rana mai ɗakina ta yanka masa gwanda, ya ɗauka ya wurgar, ni kuwa na ce mata ta daina ɓata abinci, tsuntsu ya fi mu sanin abin da jikinsa yake so. Wannan maganar tawa ita ta fi ci mini rai. Ita ta hango, ni na hana.

Wata asubar sanyi a 2001 na ji faɗuwar abu a falo. Na tarar da shi a ƙasan keji, fiffike a baje, ƙafafu a ƙanƙame, jikinsa na karkarwa kamar mai farfaɗiya. Bayan ɗan lokaci ya farfaɗo ya hau sandarsa. Kwana uku ya sake. Abokan zama suka ce kambun baka ne, tsuntsu mai magana irin wannan dole a sa masa ido. Na yarda, na sa aka yi masa hayaƙi a ɗaki a rufe. Ban san huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi ba, na ƙara masa wahala a kan wahala. Sai da ya faɗi karo na huɗu sannan na kai shi wajen likitan dabbobi.

Likitan bai fara da allura ba, tambaya ya yi: me yake ci? Ina lissafa masa yana kallona. Ya buɗe bakin Jatau ya haska da ƙaramar tocila, ya nuna mini wasu fararen ƙuraje a ganɗarsa. Ya ce wannan rashin bitamin A ne, shi ya kawo atishawar da toshewar hanci, don gyaɗa da hatsi kusan babu shi a cikinsu. Faɗuwar kuma ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a jini, ciwon da aka san irin wannan akun da shi fiye da sauran dangoginsa. Gyaɗa ba ta da kalsiyam na kirki, ɗan wanda ya samu ma jiki ba ya iya amfani da shi sai da bitamin D, shi kuma sai hasken rana ya taɓa jiki kai tsaye, gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke wannan aikin. Ya yi masa allura, ya ba ni magani. Kwana tara Jatau ya ƙara. Da ya mutu na mayar wa likitan da gawar, ya buɗe cikin a gabana. Hantar ta kumbura ta cika ciki, maimakon ja sai ga ta fari-fari kamar man shanu. Ya ce kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, tsuntsun da bai kai rabin kilo ba, yana zaune a keji ba ya tashi, ina zai kai wannan kitsen? Ya ƙara da cewa gyaɗar da ta ji danshi tana yin fumfuna mai dafi da ke cin hanta, kuma an gano dafin ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da garin gyaɗa.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne tambayarsa ta ƙarshe. Ya ce me kake dako daga kudu? Na ce manja. Ya ce to 'ya'yan kwakwar manja suna cikin abincin da akun nan yake ci a dajinsa, jan naman da ke jikinsu cike yake da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Shekara bakwai ina wucewa ta gaban tulin kwakwa a bakin titi, ganguna arba'in na manja a bayana, ban taɓa kawo masa ko ƙwaya ɗaya ba.

To, ni dai a lokacin babu inda zan tambaya. Babu waya a aljihu, babu intanet, likitan da ya san tsuntsu ban da kaji sai an tona. Ku fa? Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu. Ilimin duniya yana tafin hannunku, amma wayar ba ta da aiki sai ɗaukar tsuntsu yana shan shayi don mutane su danna muku alamar so. Ɗan ƙanina ya san kuɗin da ake sayar da aku a kowace kasuwa, ya san kalmomin da zai koya masa, amma bai yi minti biyar yana neman abin da zai ci ba. Ko da yake, in zan yi adalci, ni ma da na so tambaya da na samu wanda zan tambaya. Likitan nan yana garin tun ranar da na kawo Jatau.

Na yi niyyar rubuta muku dogon bayani, abinci kaza da safe, kaza da yamma. Da na zauna sai na ga maganar ba ta da yawa.

Ku cire gyaɗa daga kwanon. In ta ni ce, kada ta ƙara shiga kejin har abada. Na san masu horar da tsuntsu suna cewa a ba shi ƙwaya ɗaya ko biyu a matsayin tukuici in ya koyi abu, kuma ba ƙarya suke ba, in busasshiya ce mai tsabta marar gishiri ba za ta kashe shi ba. Amma na san halinku, biyu za ta koma goma. Ku bar ta kawai.

Abin da zai maye gurbinta duk yana wajen mai kayan miya, ba sai kun jira na kanti ba. Karas, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, ganyen zogale, tattasai, gwanda, mangwaro, duk abin da yake ja ko rawaya ko kore shar. Gero da dawa da masara kaɗan, an fi so a jiƙa su har su fara tsiro, a wanke sosai. Wake sai dafaffe, ɗanyensa cuta ne. Wani lokaci ɗan dafaffen ƙwai, a daka ɓawonsa a barbaɗa saboda kalsiyam. 'Ya'yan kwakwar manja in an samu, ɗaya ko biyu, don su ma mai ne. In kuna da halin sayen haɗaɗɗen abincin aku na kamfani, ku saya, yana rage kuskure. Barkono kuwa ba ya cutar da shi, tsuntsu ba ya jin yajinsa, amma ba ya buɗe masa baki, hira da shi ce ke buɗewa. Kuma a zafin Kano abin da aka yanka da safe kada ya kai azahar a keji, ruwa a sauya safe da yamma, don yana jiƙa abinci a ciki.

Shayi, kofi, goro, cakulan, piya, albasa, abinci mai gishiri, madara: babu, ko ɗanɗano. Piya ita kaɗai tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku fitar da shi ya sha hantsi, rabin kejin a inuwa, kuna zaune kusa saboda mage da shaho.

Sai dai kada ku ji maganata ku kwashe gyaɗar yau ɗin nan gaba ɗaya. Na san yanzu na ce a cire ta, amma akun da ya saba da abu ɗaya yana iya ƙin ci har ya galabaita. A rage ta a hankali cikin makonni, ana sa sabon abincin da sassafe lokacin da yake jin yunwa. Ku ci a gabansa yana kallo, don abin da ya ga ana ci shi yake yarda da shi. Zai wurgar sau ashirin. Ku sake ba shi.

Gaskiyar da ke raina ma, kada ku saya tun farko. Yawancin waɗanda ake kawowa kasuwa daga daji aka kamo su, da yawa suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso hannunku. Tun 2016, a taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikin irin wannan akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda yana ƙarewa. Ni da na tsaya a bakin hanyar Ikom na miƙa kuɗi, ina cikin waɗanda suka jawo haka. Amma wanda ya riga ya saya, kada ya ce zai sake shi a nan, ba zai rayu ba. Amana ta riga ta hau wuyansa, ta shekara arba'in kuwa, ba ta wata uku ba.

Duk wannan ban faɗa wa ɗan ƙanina a ranar ba. Cewa na yi kawai, "Kashe wayar nan, ɗauko babur ka kai ni wajen mai kayan miya." Muka sayo karas da gwanda da ƙullin zogale. Da muka dawo ya yanka karas ya miƙa, tsuntsun ya karɓa da ƙafa, ya jujjuya shi, ya sake shi ƙasa. Yaron ya ce, "Baffa, ka gani ko? Ba ya so." Na karɓi wuƙar, na yanki wani na sa a bakina ina tauna a gaban kejin. Akun ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Na ce wa yaron gobe bayan sallar asuba ya kawo mini shi kafin ya ba shi komai.