Ranar da na sa hannu a rage saifar ɗana

Watanmu takwas da zuwa Jamus abin ya faru, har yau in na tuna sai kunya ta lulluɓe ni. Likitar cewa ta yi ciwon jinin yaron na gado ne. Ban bari tafinta ya kai aya ba na miƙe tsaye, na ce ni da babansa duk AA ne, kada wanda ya liƙa mana sikila. Har a waje ana jiyo muryata.

Sai da ta bari na huce, sannan ta jawo takarda ta zana min abu biyu. Ƙwayar jini mai lafiya kamar faifai take, tana lanƙwasa ta wuce ta cikin saifa, ta yi kwana 120 tana aiki. Ta ɗana kuwa dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, da ta shiga saifa sai ta maƙale a farfasa ta. Shi ya kawo idonsa rawaya, da kumburin nan a ƙasan haƙarƙarin hagu, da ƙarin jini har sau uku. Ba sikila ba ce. Da suka ɗebi nawa jinin suka duba, a wurina ya gada.

Shekararsa huɗu. Ta ce ba sa son cire wa ƙaramin yaro saifa ɗungurungum, don ita ke tace ƙwayoyin cutar da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu, kuma marar saifa zazzaɓin cizon sauro kan yi masa mugun kamu. Nan gabana ya faɗi. Yaron da nake ƙirga ranar da zan kai wa Inna ta gan shi? Za su yanke wajen kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, su bar ɗan guntu yana gadi. Ba ta ɓoye min ba, guntun yana iya sake girma har a koma tiyata. Aka yi masa alluran rigakafi makonni kafin ranar, aka ɗora shi kan fenisilin bayan an gama.

Babansa yana wurin aiki, ni kaɗai na riƙe biron. Ba yaya, ba gwaggo, ba mai cewa Allah ya tashi kafaɗarsa. Na sa hannu, na ma yi tambayoyi biyu da Jamusancin da na tsinta, kuma wallahi na ji daɗin kaina. Da suka tura gadon ya shige, na zauna a kujerar roba da takalminsa ɗaya a hannuna, kukan da na yi ba mai jin yarensa.

Yanzu gudu yake har sai na tsawatar. Amma Baba nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa. Tun ina yarinya idonsa rawaya ne, kullum a ce shawara ce ta motsa. Ciwon cikin da ke kayar da shi, likitar ta ce wannan cutar tana tara tsakuwa a matsarmama. Ga ƙanwata, 'yarta ta biyu ba ta da kuzari, tafin hannunta fari fat. Sau uku ina kiranta.

"Yaya, an gwada ta fa, AA ce."

"Na sani. Ki ce su duba siffar ƙwayar jinin, ba sikila kaɗai ba."

Ta ce to. Inna kuma ta karɓe wayar tana tambaya wai da me yaro zai rayu an yanke masa abin ciki. Na ce mata an bar masa saura, Inna. Ta ce in ɗaga rigarsa ta ga wurin.