Na yi gadin ƙwan kunkurun teku a Filorida, ga yadda aikin yake

Duk wanda ya ji nace na yi aikin sa kai na kare kunkurun teku, tambayar farko ita ce ko na ɗauki 'yan jariran a hannu na kai su ruwa. To gaskiya ba haka aikin yake ba ko kaɗan, kusan duk horon da aka ba mu akan abun da ba za mu yi bane, kar ka taɓa, kar ka haska, kar ka sha gaban uwar kunkuru, kar ka tona. Dokar Amurka ta 1973 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta shafi duk kunkurun tekun da ke hawa gaɓar Filorida, mu kanmu 'yan sa kai a ƙarƙashin wani mai izini daga hukumar kifi da namun daji ta jihar, FWC, muke aiki, in babu sunanka a takardarsa to kai ma ɗan kallo ne.

Gefen gabas na yi, wajajen Melbourne Beach, inda gandun kare namun daji na Archie Carr yake, wanda aka kafa a 1991. Wani siririn bakin teku ne da bai fi kilomita 33 ba amma yana cikin wuraren da kunkuru mai ƙaton kai, logahed, ya fi yin ƙwai a duniya kaf. Lokacin yana farawa 1 ga Maris ya ƙare 31 ga Oktoba, amma a Yuni da Yuli ne abun ke kankama.

Da asuba ake fita, kafin masu yawon safe su tattake sawu, don aikin gaba ɗaya karatun sawu ne. Logahed hannu ɗaya take jefawa sannan ɗayan, sai kaga sawun a karkace hagu da dama. Macen koren kunkuru kuwa hannu biyun take kaiwa lokaci guda tana jan jiki, da ɗan layin jela a tsakiya, kuma in ta gama sai ta bar maka ƙaton rami da yashi a watse ko'ina. Akwai kuma wani nau'in, mai bayan fata, in ta hau kam babu tambaya, kamar tarakta ce ta fito daga ruwa ta koma. Abun da ya fi wuya shi ne gane ko ta yi ƙwan ko fasawa ta yi, don da yawansu za su hau su zagaya su koma ba su ajiye komai ba, wataƙila yashin ya bushe da yawa, ko ta ci karo da kujerar da wani ya bari, ko wani ya dallare ta da fitilar waya. Wata dattijuwa da ta koya min, ta daɗe sosai a aikin, tana kallon inda yashin ya zuba a kan sawun shigowa zata ce maka akwai ko babu, ni kuwa ina tsaye ina ta zare ido. Gurbin sun yi yawa a wajen, don haka ba kowanne ake kafa wa turke ba, ana ƙirga duka amma wasu ake zaɓa a bi su har ƙyanƙyasa.

Ni dai a ganina babban maƙiyin 'yan kunkurun nan ƙwan lantarki ne. Eh akwai rakun, wata ƙaramar dabbar daji da ke tone gurbi, akwai ƙaguwa, akwai jar tururuwa mai cizon tsiya, ga guguwa da kan kwashe gurbi a dare ɗaya, amma waɗannan dama can da su aka saba. Ƙwai sama da 100 ake binnewa, bayan kamar wata biyu su fito da dare tare, kuma abun da suka sani kawai shi ne su nufi inda ya fi haske, wanda a bakin teku mai duhu shi ne saman ruwa. To ka kunna farin ƙwan lantarki a baranda, shikenan ka canza musu gabas. Wata safiya mun tarar da gurbin da ya fashe, maimakon sawun su miƙe zuwa ruwa sai suka juya baya, wasu suna ta zagaye wuri ɗaya, muka bi su cikin ciyayi har kusa da titi. Mun tsinci 'yan kaɗan da rai sun galabaita, sauran tururuwa ta riga mu. Fitila ɗaya ce fa, a bayan wani gidan haya, kuma mutanen ciki baƙi ne da suka zo hutu ba su ma san an yi ba, matar da muka yi wa bayani har da hawayenta.

Maganin kuma ba wani abun a zo a gani bane. A sa fitila a ƙasa-ƙasa, a rufe ta ta gefen teku, ƙwan ya zama ja ko ruwan goro, a ja labule da dare, a cike ramin da yara suka haƙa kafin a tashi, a kwashe kujeru. Ƙananan hukumomin gaɓar da dama sun sa shi cikin doka har da tara. Amma wallahi ƙwanƙwasa ƙofa da sallama mai daɗi ya fi tarar aiki, wanda ka yi wa gadara zai kashe yau ya kunna gobe.

Inda ake barinka ka sa hannu shi ne tonon gurbi, kwana uku bayan sun fita. Safar hannu, ka tona a hankali, ka ware ɓawon da ya fashe gefe, wanda bai ƙyanƙyashe ba gefe, a ƙirga a rubuta. Warin kam ba a magana. Wani lokacin sai ka ji abu na motsi a ƙasan ramin, wani ne da ya makara, a sa shi a bokiti da jiƙaƙƙen yashi a rufe sai dare, kuma ko a nan ba a jefa shi ruwa, ajiye shi ake a yashi ya ja jikinsa da kansa. Ƙiyasin da ake yi shi ne kusan ɗaya cikin 1,000 ne ke kai girma.

Abun da ya sa ban ga aikin a matsayin wahalar banza ba lissafi ne. A farkon shekarun 1980 gurbin koren kunkuru a wannan bakin tekun bai kai 50 a shekara ba, yanzu dubbai ake ƙirgawa. A 2023 Filorida ta samu gurbin logahed sama da 130,000, na kore sama da 70,000. Kuma tunda logahed sai ta kai wajen shekara 30 kafin ta fara ƙwai, iyayen da nake bin sawunsu su ne jariran da suka tsira lokacin da aka hana kamun su, aka tilasta wa jiragen kamun jatan lande sa ƙofar tsira a komarsu tun daga 1987, aka sayi filayen gaɓa aka hana gini.

Sai dai ba komai ke tafiya daidai ba. Ka tsallaka titi kawai ta bayan gaɓar ga tafkin Indian River, inda ƙazantar ruwa ta kashe ciyawar ƙasa, a 2021 ayu kusan 1,100 suka mutu a jihar, da yawansu yunwa ce, har sai da hukuma ta koma zuba musu latas a ruwa. Su kunkurun kuma zafin yashi ne ke yanke musu jinsi, ƙasa da digiri 28 maza, sama da 31 mata, kuma a kudancin jihar an samu shekarun da kusan duk jariran da aka duba mata ne. Mun sha musu a kan wannan, wasu na cewa a riƙa yi wa gurbi inuwa ko a yayyafa ruwa, ni kuma nace gurbi sama da dubu ɗari wa zai bi su da rumfa, in dai za a kashe kuɗi gara a ƙara sayen gaɓar da ba a gina ba tun kafin masu otal su riga mu.