Ciwon Gwaggo da na ɗora wa kaina

Har yau kwalin Tegretol ɗin yana cikin durowata, saura ƙwaya shida a ciki. Duk ranar da idona ya faɗa kansa sai raina ya ɓaci, domin kwana 12 na yi ina haɗiyar maganin farfaɗiya saboda ciwon da ban taɓa yi ba.

Gwaggona ce mai ciwon. Shekarunta sun haura 60 lokacin da ya kama ta, kuma ni na yi jinyarta wata huɗu. Ciwon jijiyar fuska ne, wadda likitoci ke kira tiraijeminal. Jijiyar ita ce ta biyar cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, reshenta uku: ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kumatu, ɗaya muƙamuƙin ƙasa. Na Gwaggo a kumatun dama yake. Tana cikin magana sai ka ga ta daskare, ta riƙe iska kusa da fuskarta ba ta taɓa ba, hawaye na zuba. Ta ce kamar an jona mata wayar lantarki ne. Ruwan alwala na tayar da shi, asuwaki na tayar da shi, har iskar fanka. Kafin a gano ko mene ne, an cire mata haƙora biyu lafiyayyu. Hoton MRI ne ya nuna wata jijiyar jini ta kwanta a kan ta fuskar tana danne ta.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ba ni aka sara ba, amma a gabana aka yi saran, kuma hakan ya ishe ni.

Da hunturun bara, wata safiya na tashi da nauyi a muƙamuƙina na hagu. Ciwo ne mara ƙarfi, irin wanda da can ko kula shi ba zan yi ba. Amma ina tsaye gaban madubi sai zuciyata ta ce, shi ne. Daga ranar na shiga gwada fuskata. In shafa kumatu da yatsa in jira, in danna gaban kunne in jira, in buɗe baki in rufe. A aji ina koyarwa hannuna na kan fuska. Na koma alwala da ruwan ɗumi, na daina tauna a ɓangaren hagu, na bar cin nama da rake, in zan hau adaidaita sai na naɗe fuska da mayafi kamar yadda Gwaggo ke yi. Da dare kuma waya. A nan na ga ana yi wa ciwon laƙabi da cutar kashe kai, kuma da ban ga wannan kalmar ba da ya fi mini. Shekaruna 34, na kuma karanta da idona cewa ya fi kama waɗanda suka wuce 50, amma ba wannan layin ya zauna mini a kai ba.

Sai na tafi kemis. Na san sunan maganin tun jinyar Gwaggo, na faɗa, aka miƙo mini ba tambaya ko ɗaya. Maigida bai sani ba. A tunanina riga-kafi nake yi, in tare ciwon kafin ya yi ƙarfi. Kwana uku na fara jiri, ina tafiya kamar ƙasa na zamewa, barci na ɗauke ni a ofishin malamai. Wata rana allo ya rabu biyu a idona. Ban zargi maganin ba ko kaɗan, cewa na yi ciwon ne ya kai ƙwaƙwalwa. A rana ta 12 ƙuraje ja suka feso mini a ƙirji da hannuwa, da ɗan zazzaɓi, sannan na faɗa wa maigida gaskiya. Bai ce komai ba, ya ɗauko mukullin mota.

Likitar da ta gan ni, da na ajiye kwalin a teburinta, fuskarta ta canza. Ta duba cikin bakina da idanuna, ta ce, "Malama, wa ya rubuta miki wannan?" Na ce babu. Ta ce, "Kina da ciki?" Na ce a'a. Ta yi ajiyar zuciya. Ashe kabamazefin, wato Tegretol ɗin nan, na iya lahanta ɗan da ke ciki, yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, yana sauke gishirin jini, kuma a wasu mutane ƙurajen nan su ne farkon wani bori da ke saluɓe fata da cikin baki har ya kai ga rasa rai. Nawa Allah ya taƙaita. Aka ɗebi jini, aka tsayar da maganin, aka ce in dawo da gaggawa in leɓe ko ido ya fara gyambo. Daren nan ban runtsa ba, kuma karon farko abin da nake tsoro na gaske ne, ni na sayo shi da kuɗina.

Da muka koma ta tambaye ni yadda ciwon fuskar yake. Yana zuwa kamar walƙiya ya wuce cikin daƙiƙoƙi ko minti biyu? Na ce a'a, yini yake yi yana nuƙurƙusa. Shafa kaɗan na tayar da shi? A'a, sai na danna da ƙarfi. Ya fi tsanani da safe? E. Ta sa yatsa a gaban kunnena ta ce in cije. Nan take na ji wurin. Ta nuna mini yadda kan haƙorana ya goge, maigida ya ce ai ya daɗe yana jin ina cizon haƙora cikin barci. Gajiyar naman muƙamuƙi ce, ni kuma ina ƙara dagula shi da dannawa sau ba adadi a yini da tauna a gefe ɗaya. Tambayoyi uku, ba su kai minti biyar ba. Wannan ne ke ƙona mini rai har yanzu: da tun makon farko na je, da ban haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ba.

Fargabar ba ta tafi tare da ƙurajen ba. Sai da aka haɗa ni da mai ba da shawara kan damuwa, ta hana ni abu biyu, taɓa fuska don gwaji da binciken alamomi a intanet. Na farkon ya fi wuya, mako biyu ina sa hannu a ƙarƙashin cinya in na zauna. Wajen mako na uku nauyin ya ragu da kansa.

Wanda duk ya yi jinyar mai wannan ciwon, ina roƙonsa kada ya riƙe sunan maganin a matsayin ilimin da zai yi wa kansa aiki da shi. Gwaggo likita ya ɗora ta a kai, daga kaɗan yana ƙarawa, yana duba jininta, kuma ta samu sauƙi har tana alwala da kanta. Jiya na kai mata rake, ta ce haƙoranta ba za su iya ba, ni in sha. Na sha a gabanta, da ɓangaren hagu.