Neman Shekarar Haihuwar Majami'armu

A 2013, bayan bikin cikar ekklesiyarmu ta LCCN (Ekklesiyar Kristi ta Lutheran a Nijeriya) shekara 100, dattawan majami'armu suka dawo gida da tambayar da ta hana su sakat: mu fa, yaushe aka kafa tamu? Aka yi ta kallon-kallo. Da yake ni ne magatakarda, kuma tsohon malamin firamare, sai aka ɗora mini kayan. Na ɗauka aikin wata guda ne. Shekara biyu ya cinye.

Ƙauyenmu ƙarami ne, a ƙasar Bachama, ba nisa da kogin Binuwai. Babban labarin kowa ya haddace shi tun daga makarantar Lahadi: Dokta Niels Brønnum, likitan da reshen Denmark na mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ya aiko, ya iso Numan, mahaɗar Gongola da Binuwai, a 1913. Matarsa Margaret ta rasu bayan haihuwa tun kafin su kai, ita kuma Dagmar Rose da suka taho tare ta koma Turai da jaririn, shi ya sa ya iso shi kaɗai. Da wannan na cika shafi uku, ina jin na yi abin kai. Na karanta wa wani dattijo, ya kasa kunne har na dire, sannan ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari. Amma wannan ai tarihin Numan ne. Bature bai taɓa kwana a garin nan ba."

Jikina ya yi sanyi. Gaskiya ya faɗa.

Na koma kan takardu. Akwai akwatin ƙarfe a gidan fasto da aka ce komai na ciki. Gara ta riga ni, abin da ta rage kuma ambaliyar 2012 ta jiƙa shi ya manne. Rajistar baftisma ba ta da shafukan farko, waɗanda su ne nake nema. Duk da haka ɓarɓashin ya yi magana. Wani littafin baiko ya nuna lissafi da fam da sule da kwabo, ka ga ya girmi 1973, shekarar da naira ta shigo. A bangon wani kuma ga hatimi mai cewa Ekklesiyar Kristi a Sudan, Lutheran. Yaran yanzu da suka gani sai suka ce me ya haɗa mu da Khartoum. Na yi musu bayani cewa a lokacin Sudan na nufin shimfiɗar ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, kuma da wannan suna ekklesiyarmu ta tsaya da ƙafarta a 1956, ta fita daga hannun mishan.

Daga nan na tafka kuskuren farko. Na tara tsofaffin maza a inuwa ɗaya na jefa musu tambaya. Mai babbar murya shi ya zama mai gaskiya, sauran suna ta gyaɗa kai don kunya. Ashe kowane gida na da kakansa da yake so a rubuta shi ne tushe: wannan kakansa ya ba da fili, wancan kakansa ya fara riƙe kuɗin baiko. Yawancinsu kuwa sun tsaya kan cewa shekarar da aka rufa ginin da kwano ita ce shekarar kafuwa, domin su ne samarin da suka hau suka buga ƙusa. Sai da na koma bin su ɗaya bayan ɗaya da yamma, ba littafi a hannu, kafin na fara jin abin da ba a faɗa a taro.

Kuskure na biyu har gobe yana ci mini rai. Akwai tsohon da ya shekara da shekaru yana buga mana ƙararrawa, wani ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a bishiya. Na ce bari a gama girbi in zauna da shi a tsanake. Bai ga kaka ba.

Matata ce ta cece ni. Ta ga ina ta juya takardu da dare, ta ce, "Kai dai ka tambayi maza. Wa ya ɗebo ruwan kwaɓa ginin?" Washegari ta raka ni wurin wata tsohuwa, tsohuwar shugabar Zumuntar Mata, da sabulu da sukari a hannunmu.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Kaka, a wace shekara aka fara sujada a garin nan?"

Ta yi dariya har da tari. "Ɗana, ina ni ina shekara? Tambaye ni wa nake goyo."

Haka muka yi, kuma nan ne tarihin ya buɗe. Ta ce tana yarinya, ba a ko fara maganar aurenta ba, wani saurayi daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ya je Numan neman maganin gyambo, ya daɗe a can, ya dawo da ƙafa lafiyayya da iya karatu. Shi ya riƙa zuwa bayan an tashi daga gona, ya zauna a gindin tsamiya yana koya wa yara abacada a ƙasa da tsinke, ya karanta musu Littafi Mai Tsarki na Hausa (cikakkensa ya fito a 1932), ya mayar musu da ma'anar da Bachama. Ba albashi, sai abin da aka ba shi na dawa. Samari da 'yan mata ne suka fara binsa, iyaye kuwa ba su so ba, don yaran sun fara janye jiki daga al'amuran gargajiya. Rumfar zanar da suka fara kafawa, an wayi gari ta zama toka. Na tambaye ta wa ya ƙona. Ta dube ni ta ce jikansa na cikin dattawan ikilisiya yanzu, in bar maganar. Na bar ta, kuma ban yi nadama ba.

Sai ta faɗi jumlar da ta fi duk akwatin nan daraja: "Ranar baftisma ina goyon ɗan farina, kuma baƙin fasto ne ya zuba mana ruwa." Na kusa tashi tsaye. Sai a 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, su biyar, saboda haka baftismar farko a garinmu ba za ta riga wannan shekara ba. Ta ƙara da cewa lokacin da aka yi ta zancen zuwan Sarauniyar Ingila, wato 1956, sun riga sun shiga ginin laka mai jinka, ana ba su Jibin Ubangiji. Kwano kuwa daga baya ya zo, da kuɗin gyaɗa da busasshen kifin da mata suka tara, da gonar gayya da suka noma damina bayan damina. Na koma wurin wasu tsofaffi mata biyu, kowacce ita kaɗai, ban gaya musu abin da na ji ba. Maganarsu ta zo daidai da tata, in ban da saɓani kan ko rumfar sau ɗaya aka ƙona ko sau biyu.

Na kai wa majalisar dattawa mafari uku: gindin tsamiya, ranar baftisma, da rufin kwano. Gardama ta kaure har rana ta yi tsaka. Fasto ne ya raba, ya tuna mana koyarwar Lutheran tun daga shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530, cewa ikilisiya taron masu bi ce inda ake wa'azin bishara ana kuma ba da baftisma da Jibi. Ba a ambaci kwano ba. Masu ƙusa ba su ji daɗi ba, amma suka haƙura da aka ba su shafi guda da sunayensu. A bangon ɗan littafin muka rubuta cewa an kafa majami'ar tsakanin 1948 da 1956. Wasu sun so in zaɓi shekara ɗaya don ta yi kyau a jikin atamfar biki. Na ƙi. Sunan mai bisharan nan mai gyambo shi na sa a shafin farko, Brønnum ya biyo baya a gabatarwa.

Yanzu rajistarmu biyu ce, ɗaya a gidan fasto, ɗaya a gidana, kuma duk ƙarshen shekara jikana na ɗaukar hoton shafukan da waya.

Da aka buga littafin, na kai wa Kaka kwafi na karanta mata daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, ina waƙar?" Na ce wace waƙa? Ta ce wadda suka rera da safen da suka tarar da tokar rumfa. Ta gyara zama ta soma rerawa da Bachama, muryar na rawa, ni kuwa na shiga lalube aljihu ina neman biro.