Jakar barci don hawan dutse a hunturu: yadda nake zaɓa

Sanyin da muke ji a cikin garin Kaduna a watan Disamba da Janairu sanyi ne na mai ɗaki da ƙofa da bargo. Na kan dutse daban yake, kuma ana iya lissafa shi tun daga gida. Garin Kaduna yana kan tsayin kimanin mita 600 daga matakin teku, Jos ya haura 1,200, duwatsun Shere sun kai wajen 1,800, Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba kuwa mita 2,419 ne, babu wanda ya fi shi tsayi a Najeriya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan idan da asuba ana digiri 14 a Kaduna, mai kwana kusa da ƙololuwar Chappal Waddi ya shirya wa digiri 2 ko 3, ga iska kuma. Da wannan lissafin nake farawa kafin in taɓa kowace jakar barci, wato buhu mai zif da ake shiga ciki a kwana, ko tafiyar duwatsun Kagoro na kudancin Kaduna ce ko wadda ta fi ta nisa.

Jakar barci ba ta samar da ɗumi. Jikinka ne murhun, ita kuma aikinta ta riƙe iskar da ka ɗumama kada ta gudu. Abin da ke riƙe iskar shi ne kumburin abin da aka cusa a cikinta. Duk abin da ya danne wannan kumburi ko ya jiƙa shi ya kashe jakar, komai tsadarta. Kusan duk shawarar da zan bayar daga nan ta fito.

Iri biyu ake cusawa. Na farko lallausan gashin agwagwa ko na dinya, wanda ke ƙarƙashin manyan fuka-fukai, mara kara a tsakiya. Na biyu faiba, wato zaren roba, ɗan'uwan wanda ake sa wa filo amma an fi inganta shi. Za ka ga sunaye kamar PrimaLoft ko Climashield a jikin wasu.

Gashi ya fi ɗumi idan aka auna da nauyinsa, kuma yana matsewa ya koma ƙarami a cikin jakar goyo. Jakar gashi mai kyau da za ta kai ka digiri 5 ƙasa da sifili takan yi kilo ɗaya da ɗoriya, ta faiba mai irin wannan ɗumi takan kusanci kilo biyu, ta kuma cinye rabin wurin kayanka. A takardar jakar gashi akwai lambobi uku da nake dubawa. Akwai lambar kumburi, daga 550 zuwa 900: tana nuna yawan wurin da gashi mai nauyin giram 28 ke cikawa idan ya buɗe. Akwai rabo kamar 90/10 ko 80/20, ma'ana kashi 90 lallausan gashi, kashi 10 ƙananan fuka-fukai masu kara, waɗanda su ne ke huda yadi su fito. Sai nauyin gashin da aka zuba a giram, kuma ita ce lambar da mutane suka fi tsallakewa. Jaka mai lamba 800 da giram 300 kawai a ciki ba za ta kai mai lamba 650 da giram 700 ɗumi ba. Lambar kumburi ingancin gashi take faɗa, yawansa kuwa sai ka duba giram.

Raunin gashi ruwa ne. Da ya jiƙe sai ya cure ya zama ƙulli-ƙulli, kumburin ya tafi, kuma yakan ɗauki fiye da yini kafin ya bushe sosai. Faiba ko ta sha laima tana riƙe wani abu na kumburinta, tana bushewa da wuri, ta fi araha, ta fi jure wanki. Inda take gazawa shi ne daɗewa: yawan matsewa da buɗewa yana karya zaren, bayan 'yan shekaru sai ta kwanta. Gashin da aka kula da shi yana wuce shekara goma yana aiki.

Ga yadda na raba su. A tsakiyar hunturu, a Kagoro ko Filato, iska busasshiya ce har leɓe na tsagewa, don haka gashi ba ya cikin haɗari, kuma rashin nauyinsa alheri ne ga mai hawa. Amma Mambila da Gashaka wuraren hazo da raɓa ne, ana kuma ƙetare rafuka, can na fi natsuwa da faiba. Wanda zai sayi jaka ɗaya tal don yawo a cikin Najeriya, ina ba shi shawarar ta faiba mai kaiwa digiri sifili zuwa 5. Mai niyyar Kilimanjaro, inda sansanin Barafu ya haura mita 4,600 kuma ruwa ke ƙanƙara da dare, ya nemi ta gashi mai kaiwa kusan digiri 10 ƙasa da sifili, ya naɗe ta a leda mai kauri cikin jakar goyo, domin ƙasan dutsen daji ne mai yawan ruwan sama.

Lambar digiri da ke jikin jaka tana buƙatar karatu da kyau. Jakunkunan da aka gwada bisa ma'aunin EN 13537, ko ISO 23537 da ya gaje shi, suna ɗauke da lambobi uku. Wadda aka rubuta wa Comfort ita ce sanyin da mace mai matsakaicin jiki za ta yi barci a cikinsa a miƙe ba tare da ta ji sanyi ba. Limit ita ce iyakar da namiji zai yi barci a ƙudundune. Extreme kuwa ba lambar barci ba ce sam, iyakar tsira da rai ce na wasu sa'o'i ana karkarwa, kuma ita wasu masu sayarwa ke nunawa don ta fi burgewa. Ni da Comfort nake aiki, ga maza da mata duka, har in bar rarar digiri 3 zuwa 5, domin jikinmu da zafi ya saba, kuma mai hawan dutse a gajiye yake kwanciya. A lura da jakunkunan Amurka: da ma'aunin Faranhait suke rubutu. Idan ka ga 40 da harafin F, digiri 4 ke nan a namu. 32 shi ne sifili. 20 kuma digiri 7 ƙasa da sifili.

Yawancinmu a gwanjo muke samu, a Kasuwar Barci ta Tudun Wada da makamantanta, kuma akan yi dace da kaya masu kyau. Sai dai jakar gwanjo ta daɗe a danne cikin dila, saboda haka lambar jikinta tarihi ce. Ina warware ta, in karkaɗe, in bar ta minti goma in ga ko za ta tashi. Ina ɗaga ta ga hasken rana: duk inda haske ya ratso fili, gashi ya gudu daga wurin, nan sanyi zai shigo. Ina jan zif daga sama har ƙasa sau biyu, ta ciki da ta waje. Ina shinshina ta, domin warin fumfuna ba ya fita da sauƙi. Sannan in duba ɗinki. Idan an ɗinke yadin ciki da na waje a haɗe, kowane layin ɗinki ƙofar sanyi ne, irin wannan ta digiri 8 zuwa sama ce. Ta sanyin gaske tana da bango na yadi tsakanin ɗakunan gashin, da matashi mai bin tsawon zif, da wani a wuya, da hula mai igiyar tsukewa. Siffa mai tsukewa wajen ƙafa ta fi mai kusurwa huɗu ɗumi, don iskar da jiki zai ɗumama kaɗan ce. Ka shiga ciki ka gwada tsayi: yatsu kada su tokare ƙarshe, kada kuma a bar fili mai yawa.

Shimfiɗa ita ce rabin maganar, kuma a nan na fi ganin abokan tafiya suna kwana a zaune. Duk abin da ke ƙarƙashin bayanka nauyinka ya danne shi, ba ya riƙe iska, dutse kuma yana zuƙe ɗumin jiki dare farai. Tabarma da darduma ba sa tare wannan. Ana auna shimfiɗar tafiya da lambar R, wadda ke nuna yadda take tare sanyin ƙasa: soson nan mai tauri da ake naɗewa yakan kai 2, wanda ya isa Kagoro da Shere, amma wurin da ruwa ke ƙanƙara ana son 4 zuwa 5. Lambobin suna haɗuwa, don haka soso a ƙasa da katifar hurawa mai lamba 3 a sama sun ba ka 5, kuma idan ƙaya ta huda ta hurawar, soson yana nan.

Da dare ina cire kayan da na yi gumi a ciki, in sa busassu da na ware don barci kaɗai, da safa da hular sanyi. Ina cin abinci mai maiƙo kafin kwanciya, ko da gyaɗa da dabino ne. Hanci da baki a waje suke kwana, domin numfashi tururi ne, yana jiƙa jaka daga ciki. Gorar ruwan zafi mai murfi mai kyau, a sa ta cikin safa a ajiye tsakanin cinyoyi, tana ɗumama jiki, da asuba kuma ga ruwan alwala mai ɗumi. Abu ɗaya ba na yarda da shi ko kaɗan: kaskon garwashi ko risho a cikin tanti a rufe. Gawayi yana fitar da iskar guba mara wari mara launi, tana kashe mutum yana barci.

Da safe a juya jakar a shanya ta rabin sa'a kafin a tura ta cikin buhunta. A gida kada ta zauna a matse. A rataye ta ko a sa ta a babban buhun yadi, nesa da laimar damina. Ta gashi ba a wanke ta da omo ko bilic, don suna cire man da ke jikin gashin. Sabulun ruwa mara ƙarfi da ruwa mai ɗumi a babban baho, a ɗauraye sosai, a matse da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, a ɗauko ta a rungume kada nauyin ruwa ya yaga ɗinkin ciki. A shimfiɗa ta a inuwa mai iska, ana warware ƙullin gashin da yatsu lokaci-lokaci, har sai babu sauran danshi ko a lungun ƙafa. Hunturu ne lokacin wannan wanki, domin a watan Agusta a Kaduna za ta yi fumfuna kafin ta bushe.